Abdulfattah da Ƙarshen Mai Kwale-kwale

A Haɗeja, in ruwa ya janye daga fadama, ba gonaki yake bari ba. Fili ɗaya yake bari, sumul, kamar an wanke allo. Kunyar gona ta tafi, shinge ya tafi, kututturen da kakan wani ya nuna wa jikansa ya bi ruwa ya maƙale can cikin ciyawar kacala. Sai ka ga kowa ya fito da fartanyarsa da rantsuwarsa, gonar kowa kuma ta ƙara ƙiba da taku biyar a damina ɗaya. To a wannan lokacin ne ake neman Abdulfattah.

Shi ba malami ba ne, ba kuma ma'aikacin safiyo ba. Manomin shinkafa ne da alkama, shekararsa arba'in da ɗaya, yana da ɗan shagon taki a bakin kasuwa. Abin da ya mallaka wanda ya fi shagon shi ne mutane sun yarda ba ya mantuwa, ba ya ƙari. In ya tsaya cikin laka ya ce nan ne, Bulama, mai unguwarsu, zai sa a buga turke, kowa ya kama gabansa. Ganau suke ce masa. Matarsa ma in ta so tsokana da shi take kiransa.

Inda sunan ya samo asali kuwa abin dariya ne, ga wanda ba a kansa abin yake ba.

Shekara ashirin da biyu baya, wani mutumin Gashuwa mai suna Auta ya buɗe shagon gem a bayan tasha: talabijin ɗaya mai ƙatuwar ƙeya, benci biyu, da janareta mai tari. Cikin fayafayansa akwai wani na jabu da duk rubutunsa na Japan ne, ba wanda ya iya karanta ko sunansa, sai suka raɗa masa Mai Kwale-kwale. Wani mutum ne da malfa da dogon takobi, yana ratsa fadamu da ciyayi da tsuntsaye, ka rantse a dausayin Baturiya aka ɗauka, shi ya sa ya kama su. Su huɗu ne ba sa rabuwa da bencin nan: Abdulfattah, da Ari wanda yanzu yake gyaran injin ban-ruwa, da Ishaku wanda iyayensa suka zo aikin asibiti daga Kafanchan, yanzu malamin sakandare ne, da Khalid. Sukan kashe dodanni su keta dazuzzuka har su kai matakin ƙarshe, inda mutumin yake shiga kwale-kwale don ya haye wani babban kogi. Da ya kai tsakiyar ruwa sai faifan ya cije. Hoto ya sandare, sauti ya kama kuka ɗaya kamar sauro a kunne. Sun goge faifan da riga, sun goge da makilin, sun kifa injin, sun ɗora shi kan randa don ya sha sanyi. A banza. Shekara biyu mutumin nan yana tsaye a tsakiyar kogi da gorar tuƙinsa a sama.

Ana nan sai kawun Abdulfattah ya tafi da shi Kano kai shinkafa. Kwana huɗu ya yi, kuma kwana huɗun nan a kan buhuna ya yi su a kasuwar Dawanau yana gadi, ko Sabon Gari bai leƙa ba. Da ya dawo abokai suka kewaye shi, me ka gano mana a birni? Saurayi ɗan sha tara, ya ce buhu na gano? Sai bakinsa ya riga shi.

"Na ga ƙarshen Mai Kwale-kwale."

Ya ce musu in an haye, dodon da ake ta bi tun farko yana zaune a gaɓa yana jira. Aka gwabza, aka fasa masa abin rufe fuska, ashe yayan Mai Kwale-kwale ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ruwa ya tafi da shi tun suna yara. Sai mutumin ya dubi takobinsa ya wurga shi kogi, ya nutse a hankali. Suka shiga kwale-kwalen su biyu, ƙane na tuƙi wa na kwarfe ruwa, tsohuwarsu tana can ƙetare riƙe da fitila. Shi ke nan, rubutu ya fara hawa.

Ari sai da ya share ido da hularsa. Daga ranar, duk wanda ya zo shagon ya tarar da hoto a sandare, sai a ce masa je ka wurin Ganau. Sau ɗari nawa ya ba da labarin nan, Allah kaɗai ya sani, kuma bai taɓa sauya ko kalma ɗaya ba, don ya gane tun da wuri cewa abin da ba ka gani ba haddace shi ake yi. Mutane kuwa suka ɗauki wannan shaidar gaskiya: kun ji, yadda ya faɗa bara haka ya faɗa bana. Shagon Auta ya mutu, faifan ya ɓace, sunan ya zauna. A hankali aka fara kiransa kan abin da ya fi gem: wa ya fara zagi, ran wace kasuwa aka yi cinikin bijimi, ina iyakar gona. A waɗannan kuwa, iya saninsa, gaskiya yake faɗa. Ƙaryar guda ɗaya ce tak, sai dai ita ce a ƙasan ginin.

Bana ruwa ya yi ɓarna, ya fasa jinga ya yi wata biyu kwance a fadama. Cikin abin da ya ɗauke har da kututturen giyayya da ya raba gonar Hajja Yagana da ta gidan su Khalid. Hajja tsohuwa ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata ne suna gidajensu, da wannan gonar take ci. Khalid, wanda yanzu yake loda busasshen kifi zuwa kudu, ya ce iyaka tana bakin ɗan kwarin da ruwa yake bi. Hajja ta ce a'a, taku goma sha biyu ne gaba da kwarin. Taku goma sha biyun nan su ne tudun wurin, inda alkama take yi. In aka cire mata su, saura gangare ne da kacala. Ranar da aka shata iyakar, mijin Hajja da mahaifin Khalid ne suka tsaya, Abdulfattah yana ɗan sha biyar yana riƙe musu igiya. Dattawan biyu duk sun riga mu gidan gaskiya. Shi kaɗai ya rage. Bulama ya sa ranar Asabar da safe.

Ranar Laraba da la'asar suna zaune a ƙofar gidan Ishaku, sai ga Khalid ya sauka daga adaidaita rungume da kwali.

"Ku tashi, tsofaffin banza, ku ga abin da na taho da shi daga Legas."

Sabon injin gem ne, fari ƙal. Ya zaro wani ɗan akwatin faifai ya ɗaga sama. Mutum da malfa, a tsaye cikin kwale-kwale.

"Sun sake yin sa! Sabo fil, da Turanci, kuma wannan ba ya cijewa. Shekara ashirin da biyu kogin nan yana tsaye min a wuya."

Ari ya yi tsalle kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba. Ya daki kafaɗar Abdulfattah. "Ganau! Yau za mu ga abin da ka gani!"

Abdulfattah ya taya su da dariyar yaƙe. Ko da niyya Khalid ya sayo, ko son gem ɗin ne kawai, bai sani ba, wataƙila Khalid ɗin ma bai sani ba. Abin da ya sani shi ne in ƙarshen nan ya fito kafin Asabar, Khalid ba ya buƙatar wata hujja. Gaban Bulama zai tsaya ya ce, ranka ya daɗe, mai shaidar nan taku shekara ashirin da biyu yana mana ƙarya ido cikin ido, ga mutum biyu nan ku tambaya.

Ishaku ne yake da sola, a ɗakinsa aka haɗa. Matarsa Rifkatu ta leƙo ta ga ƙarti huɗu masu furfura a gemu sun jeru a tabarma, ta ce Allah ya shirya, ta ajiye musu zoɓo ta fita. Hannun gem kuwa ba a yi gardama ba aka miƙa wa Abdulfattah, don tun can shi ne gwani.

Ba a yi minti goma ba aka fara ƙorafi. Ciyawa tana kaɗawa ɗai-ɗai, ruwa yana ƙyalli, har gumin wuyan mutumin kana gani, amma Ari ya taɓe baki.

"Sun canza masa malfa. Ta da ta fi faɗi. Fuskar nan ma ba tasa ba ce. Na da yana da kwarjini, in ya kalle ka sai ka ji a jikinka."

Khalid ya lalubo hoton tsohon a waya ya miƙa masa. Wani abu ne kamar an jera bulo, kai kamar akwati, ido ɗigo biyu, ko baki babu.

"Ga kwarjinin nan, Babarbare."

"Wannan ba namu ba ne."

"Shi ne mana."

"Ni za ka faɗa wa? Shekara biyu ina kallon sa."

Ishaku ya ce, "Ba malfar ce ta fi faɗi ba, Ari. Kai ne lokacin ba ka da iyali."

Laraba ta ƙare a dazuzzuka. Abdulfattah ya ja ƙafa iya ja, yana leƙa kowane lungu, yana buɗe kowace tukunya, har magariba ta raba su. Amma yatsunsa ba su san da maganar ba. Abin da suka koya a bencin Auta yana nan, dodo bai gama ɗaga hannu ba sun riga sun sare shi. Ranar Alhamis, kafin rana ta yi ja, ga su a bakin kogi.

Ya shiga kwale-kwale. Ya tuƙa har wurin da hoto yake sandarewa a da, kowa ya riƙe numfashi, sai kwale-kwalen ya wuce abinsa. Ari ya yi kabbara. Nan Abdulfattah ya karkata yatsa kaɗan, ya kai hancin jirgin bakin kada.

"Kash!"

Ya sake, ya daki dutse. Ya sake, guguwar ruwa ta juye shi. Faɗuwa da gangan a gaban mutanen da suka san hannunka ba ƙaramin aiki ba ne. Dole ka yi kamar ka kusa, ka ciji leɓe, ka zagi kada. Sau tara ya nutse ranar.

"Ganau ya tsufa," in ji Khalid. "Kawo in gwada."

"Bar masa," Ari ya tare. "Kai da ko dodon farko ba ka taɓa wucewa ba sai an riƙe maka hannu. Shi ya kawo mu nan, shi zai haye da mu."

Ranar Juma'a ya so ya ɓace. Bayan masallaci ya ce wa matarsa Larai in an zo nemansa ta ce ya tafi Jahun duba iri. Ya yi tunanin ya ja Ishaku gefe ya faɗa masa gaskiya, ya tuna Ishaku ba ya iya ɓoye abu a fuska. Ya yi tunanin ya zagaya ya zare wata waya a solar, ya ga ya zama maɓarnaci a gidan aboki a kan wasan yara. Ya yi tunanin ya ƙi zuwa kawai, ya ga in bai je ba Khalid zai karɓi hannun a haye ba ya nan, rashin zuwan nasa ma ya zama shaida. Yana cikin juya wannan sai ya ji babur ɗin Ari a ƙofar gida, ya kuma ji Larai tana cewa, "Yana ciki. Ya ce wai in ce ya tafi Jahun."

Dabara ɗaya ta rage masa: ya yi ta nutsewa har magariba. Gobe da safe a buga turke, bayan nan duk abin da zai faru ya faru a kansa shi kaɗai.

Ya nutse sau uku. A na huɗu sai wani rubutu ya fito a fuskar talabijin.

"Me ya ce, Malam?" Ari ya tambaya.

Ishaku ya gyara tabarau. "Ya ce ya lura kana shan wahala. Wai ko a sauƙaƙa maka."

Khalid har da kwanciya don dariya. "Gem ya tausaya wa Ganau! Wayyo cikina."

"A'a za ka danna," in ji Ari, ransa a ɓace. "Mu ba a taɓa sauƙaƙa mana ba."

Ya danna a'a da sauri, yana godiya a zuci. Ya ƙara nutsewa sau biyu. A na gaba sai ya ji abin ya sauya a hannunsa, ba tare da an sake tambayar sa ba. Kadojin suka yi nauyi, suna buɗe baki a hankali kamar masu hamma. Ya nufi dutse, kwale-kwalen ya goge shi ya wuce. Ya faɗa tsakiyar guguwar ruwa, ta juya shi sau ɗaya ta ajiye shi a kan hanya. Ya karkata hagu iya karkata, jirgin ya ƙi kifewa.

"Ai haka suke yin su yanzu," in ji Ishaku. "Sun san wa zai saya. Mu ne, masu hawan jini da 'ya'ya biyar. In mutum ya faɗi sau goma kashewa zai yi ya tafi, ba zai sayi na gaba ba. Na da so yake ya kayar da kai. Wannan ba ya yarda ka faɗi."

Abdulfattah ya saki hannun gem ɗin gaba ɗaya ya ajiye a cinya, ya ce yatsansa ne ya riƙe. Ruwa ya ci gaba da tura kwale-kwalen shi kaɗai, a hankali, a hankali, har hancinsa ya taɓa yashi.

Ba kowa zaune a gaɓa. Ƙasa ce ta tsage, wata ƙatuwar ƙaguwa ta fito, girmanta ya kai motar kifi. Khalid ya fizge hannun, ya sare ta sau shida, ta fashe. Aka buɗe wani akwati, ga kambun zinariya. Mutanen wani gari suka fito suna tafi, aka naɗa Mai Kwale-kwale sarki, ya ɗaga takobinsa sama, yana nan a hannunsa yana walƙiya. Rubutu ya fara hawa.

Suka jira. Rubutu ya ƙare. Hoton farko ya dawo.

Khalid ya ajiye hannun a hankali. Ya ɗauko akwatin faifan ya juya bayansa ya miƙa wa Ishaku. "Malam, karanta mana layin nan na ƙasa. Da ƙarfi."

Ishaku ya karanta, sannan ya fassara ba da son ransa ba. "Wai labarin asali ne daga farko har ƙarshe. Hoto da sauti kawai aka sabunta."

"To." Khalid ya juyo. Dariya ta ƙare. "Ina yayan? Ina tsohuwa da fitila? Abdulfattah, gobe za ka tsaya a gonar ubana ka ce ka tuna abin da aka yi shekara ashirin da shida. Ni ba rigima nake so ba. Ka ce wallahi ka ga ƙarshen nan a Kano da idonka, magana ta mutu."

Rabon da Khalid ya kira shi da sunan yanka har an manta. In Abdulfattah ya rantse, ya ɗora sunan Allah a kan ƙarya. In ya ƙi, gobe Hajja ta koma cikin kacala a kan wasan da ita ba ta ma san ana yi ba. Ya buɗe baki bai san wanne zai fito ba.

"Wallahi tallahi an yi shi!"

Ari ne, a tsaye, jijiyar wuyansa ta fito.

"Wane irin ya rantse? Ni na gani! Ni, da idon nan! Kun manta ranar da faifan ya wuce sau ɗaya a shagon Auta? Ana ruwa, janareta yana ƙofa an rufe shi da buhu. Ya wurga takobin, yana nutsewa yana juyawa, kumfa tana tashi. Kamar yanzu nake kallo. In ƙarya nake kada Allah ya kai ni gida."

"Ari," in ji Abdulfattah, "zauna."

"Ba zan zauna ba! Kamfani ya ce bai canza ba sai ka yarda? Malfar da suka canza sun rubuta a kwali? Yaran da suka yi wannan ba a haife su ba lokacin. Sun ga labari mai taɓa zuciya, suka ce ba zai shiga kasuwa ba, suka sa ƙaguwa."

Khalid ya shiga waya. Can ya juyo da ita: ga ƙarshen tsohon gem ɗin wani ya ɗora, ga ƙaguwa ta bulo tana ɗaga ƙafa. Ari ya leƙa sau ɗaya.

"Rubutun me ne a ƙasa? Turanci. Namu na Japan ne. Na Turawa daban, namu daban."

Ishaku ya cire tabarau yana murza ido. "Gaskiya akan yi haka, na wata ƙasa ya bambanta da na wata. Ni dai kiɗan na tuna. Wani kiɗa mai sanyi kamar sarewa, lokacin da suke komowa. Yayan ba farar riga ce a jikinsa ba?"

"Shuɗiya."

"Fara, Ari."

"Shuɗiya ce, Malam, kai a bencin baya kake."

Abdulfattah bai taɓa faɗin launin rigar ba. Bai taɓa sa sarewa ba. Yana zaune yana jin su suna gardama a kan rigar mutumin da shi ya haife shi a bayan tasha don kunyar buhu. Khalid ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya jefa wayar kan tabarma, ya daɗe yana kallon talabijin.

"Fitilar dai," ya ce ƙasa-ƙasa, "kamar ina ganin ta. Ja-ja haka, tana rawa a kan ruwa." Ya yi tsaki. "'Yan iska. Da na sani ban kinkimo shi tun daga Legas ba."

Ba wanda ya sake tada maganar rantsuwa.

A hanyar gida, a bayan babur, dab da magariba, Abdulfattah ya matso bakinsa kusa da kunnen Ari.

"Faifan nan bai taɓa wucewa ba, Ari. Ko sau ɗaya."

"Ya wuce. Kana gefena kana cin gyaɗa."

"Tsaya ka ji. Ban ga komai a Kano ba. Gadin buhu na yi. Ni na ƙirƙira, duka, da yayan da fitilar."

Ari ya yi dariya har babur ya yi tangaɗi. "Kai? Kai da ko Jahun ba ka iya zuwa da baki ba sai da Larai ta tona ka? To in kai ka ƙirƙira, ni me na gani?" Ya rage gudu, muryarsa ta sauya. "Ka ga, in don ka faranta wa Khalid ne, bari. Na rantse a gaban mutane, kada ka mayar da ni maƙaryaci. Kuma kada ka kai wannan wasan gona gobe. Tsohuwar nan ba ta da kowa sai bakinka."

Asabar da safe aka hallara a fadama. Ga Bulama da mutanensa, ga Khalid da ƙannensa biyu, ga Hajja Yagana ta tattare zani tana dogara sanda. Ari ma ya rufe gareji ya zo. Laka ta fara tsagewa a sama, ƙasanta kuwa tana kama ƙafa har idon sawu. Duk inda ka duba iri ɗaya ne.

"Bismillah, Ganau," in ji Bulama. "Faɗa mana yadda aka yi."

Ya fara. Ranar Talata ce bayan girbin shinkafa, shi yana riƙe da kan igiya, mijin Hajja yana ja, Alhaji mahaifin Khalid yana taku, aka tsaya a gindin giyayya, taku goma sha biyu daga kwari, aka shafa fatiha aka raba goro. Maganar tana fita sumul, kalma tana jan kalma, yadda ya faɗe ta a zauren Hajja makon jiya, da bara, da shekarar da aka raba gado. A tsakiyarta ne ya ji muryarsa da kunnensa, ya gane ta. Da ita yake ba da ɗaya labarin.

Ya rufe ido ya nemi ranar kanta. Ga igiya a hannunsa, yana jin kaushinta. Ga giyayya. Ga Alhaji yana taku yana ƙirgawa. Sai dai goma sha biyun nan, a bakin Alhaji ya ji ta, ko a bakin Hajja ne shekaru bayan nan tana dama masa fura? Kwarin ma a nan yake a lokacin, ko ruwa ne ya yi ta matsar da shi? Ya ƙara runtse ido. Hoton ya fito tar, har da hular mijin Hajja. Haka na Ari ma ya fito masa tar jiya, har da kumfa.

"Ɗana," in ji Hajja a hankali, "rana tana yi."

Ya buɗe ido. Mutum kusan ashirin suna kallon ƙafarsa. In ya ce ban tabbata ba, ya san abin da zai biyo baya: Khalid yana da ƙanne da injin ban-ruwa da bakin magana, Hajja tana da sanda. In ya ce nan ne, wataƙila gaskiya ce. Wataƙila kuma gonar mutane yake yanka da bakinsa, ba kuma wanda ya rage a duniya da zai ce masa ka yi kuskure.

Ya je bakin kwari ya ba shi baya ya fara taku. Laka tana riƙe shi, yana zaro ƙafa da ƙyar. Takun Alhaji dogo ne, don mutum ne mai tsawo. Ko kuwa shi ne yake gajere a lokacin? A na goma sha biyu ya tsaya. Wurin bai ce masa komai ba.

"Nan ne," ya ce.

Aka buga turke. Khalid ya dubi turken, ya dubi ƙannensa, ya ɗaga kafaɗa. "Tunda Ganau ya faɗa." Ya je ya durƙusa gaban Hajja ya ce ta yafe tada ta da aka yi. Hajja ta kama hannun Abdulfattah da hannu biyu tana sa masa albarka, da Hausa da Barbarci, ta haɗa da 'ya'yansa da waɗanda za su haifa. Yana cewa amin, amin, yana neman zare hannun, ta ƙi saki sai da ta gama.

Ya juya zai nufi inda aka ajiye babura, Bulama ya riƙo hannun rigarsa.

"Ina kuma za ka? Tunda Allah ya kawo ka, akwai rigimar iyakar 'Yar'azumi da ƙanin mijinta can gaba, da wasu biyu a bayan jinga. Duk sun ce ba su yarda da kowa ba sai kai."

Mutane har sun kama tafiya, wani ya saɓa sauran turakun a kafaɗa. Suka dare masa hanya ya shige gaba.